Jirgin ƙasan da ke yawo a zaurena

Damagaram ba ta taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Mai son ganinsa da ido sai ya niƙi gari zuwa Kano, tafiyar kilomita kusan 240, inda dogo ya isa tun 1911, ko ya bi ta Nguru da reshen ya kai a 1930. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 ma ba ta kanmu zai bi ba. Shi ya sa da na fara shimfiɗa ɗan ƙaramin dogo a kan tebur a zaurena na Birni, babu wanda zan je wurinsa in ce ya koya mini. Kayan farko ɗan yayata da ke karatu a Faransa ne ya aiko, tsofaffin hannu ƙirar Jouef: kan jirgi ɗaya, ƴan taragu, da guntayen dogo cikin kwali.

Sikelinsu shi ne wanda ake kira HO, wato komai an rage shi sau 87. Mutum mai tsawon mita 1.75 zai dawo santimita 2, tsakanin ƙarafan dogon biyu kuma milimita 16.5 ne. Da wannan lissafi nake auna ƙofar gida, wuyan raƙumi da tsawon goruba. Idan aka saɓa masa, ko yaro zai ga abin bai zauna ba, ko da bai san dalili ba.

Teburin falankin kafinta ne guda, santimita 244 a tsaye, 122 a kwance. Da na kai wa kafintan unguwarmu zanen, ya juya takardar ya sake juyawa, ya ce, “Malam, gado ne ko teburin masu tsire?” Na ce na jirgi ne. Bai ƙara tambaya ba, amma shi ya ba ni shawarar da ta fi kowace amfani: a yi ƙafafun da ƙarfe wajen mai walda, kada katako ya taɓa ƙasa, saboda gara. Faɗin falankin shi ke yanke hukuncin kwana. Matsatsiyar kwana a irin wannan dogo tana cin faɗin kusan santimita 72 kafin jirgi ya juyo, kuma dogayen taragu ba sa son ta, sai su riƙa leƙowa waje kamar za su tuntsure. Na buɗa kwanar gwargwadon abin da katakon ya yarda, na haƙura da gadar sama da na so yi, don hawan da ya wuce santimita 3 a kowace mita yana sa ƙafafun kan jirgin su riƙa juyawa a wuri ɗaya.

Abin da ya fi cin lokacina ƙura ce. Wutar da ke tuƙa jirgin ta cikin ƙarafan dogon take bi, volt 12, ta hau ƙafafunsa ta shiga injin. Wurin da ƙafa ke taɓa dogo bai kai kan allura ba, don haka ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta yanke wutar. A lokacin hunturu, idan na goge dogon da safe, kafin la'asar yatsa na iya rubutu a kansa. Jirgin zai taho lafiya, ya yi tsam, ya zabura, ya sake tsayawa, fitilarsa na ƙyaftawa. Yanzu kafin in kunna sai na naɗe tsumman tsohuwar shadda a yatsa, in ɗiga masa alkol na farmasi, in bi layin kaf, in koma kan ƙafafun jirgin da tsinken auduga. Baƙin da ke fitowa a tsumman kullum sai ya ba ni mamaki. Takardar goge katako kuwa ba ta zuwa kusa da dogona, tana barin ƙananan zane a ƙarfen, dattin ya samu wurin zama. Man da ake sa wa injin kuma ɗigo ɗaya a bakin allura ya wadatar. Fiye da haka ya haɗu da ƙura ya zama kwaɓi. In an gama, uwargida ta ba ni tsohon zanen gado, da shi nake lulluɓe komai, a kan ƴan sanduna don kada ya karya itatuwa.

Zafi ma da nasa. Ƙarfen dogo mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kusan rabin milimita tsakanin sanyin asubar Janairu da zafin Afrilu a ƙarƙashin kwano, katakon kuma yana tsukewa da rani, ya kumbura da damina. Dogon da aka haɗa baki da baki ƙam, bazara na yi sai ya lanƙwashe, jirgi ya sauka. Sai ana barin ƴar tazara a mahaɗa, kaurin katin waya. To amma tazarar tana raunana wuta, shi ya sa na huda katakon na jawo waya ta ƙasa, na lika ta da dalma a kowane tsagi na dogon. Likin dalma wurin wani mai gyaran rediyo a Kasuwar Dole na koya, ina zaune a bencinsa ina kallon hannunsa. Maganar ɗaukewar wuta kuwa batirin babur da ɗan fanon sola suka kashe ta, tunda dama volt 12 ake nema.

Inda na fi jin daɗi shi ne ƙasar da jirgin ke ratsawa. Hotunan da na gani a intanet duk korayen tsaunuka ne da gidajen Turai masu jan rufi. Ni garinmu na gina. Duwatsun nan da suka hau kan juna a bayan Birni na yi su da tsakuwar gaske, na zaɓo masu santsin baya. Gidajen da yumɓun Miriya na yi su, da zankwayensu da zanen bango irin na tsofaffin gidajen attajirai, na tsaga zanen da bakin reza tun yumɓun yana ɗanye. Goruba da silin wayar tagulla na murɗa ta, don ita ce itaciyar da ke rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, kuma wayar na bin hannu yadda ake so. Ganyen bedi soson katifa ne da na murje a rariya na rina.

Yashin da ke ƙarƙashin dogo sai an yi hattara da shi. Na tankaɗe shi, na soya a tsohon kasko don kashe ƙwayayen ƙwari, sannan na bi shi da maganaɗisun tsohuwar lasifika. Baƙin garin ƙarfen da ya manne a jikinsa, da an bar shi, cikin injin zai ƙare, don injin ma maganaɗisu gare shi. Na danne yashin da farin gam na kafinta, rabi gam rabi ruwa, da ɗigon sabulun ruwa don ya ratsa. Kullun fulawa ya fi araha, amma gayyatar kyankyasai ne.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci nake buɗe wa yaran unguwa, da sharaɗin hannu a baya. Wani dattijo maƙwabcina da ya yi fatauci zuwa Kano a ƙuruciyarsa yakan shigo tare da su. Ya daɗe yana duban tashar, sannan ya ce, “Ɗana, ina masu tallan rake da dafaffen ƙwai? Tasha ba ta zama shiru haka.” Na ce, “Baba, suna tafe.” Mace mai tire a ka, tsawonta bai kai santimita 2 ba, da ashana da zare da ɗan ƙyallen atamfa, na yi uku, biyu sun fi kama da tsintsiya.

Abin da ke gabana yanzu wurin sauya layi ne, don jirgi ya iya ratsewa ya shiga rumbun gyaɗa da na gina a gefen tasha. Guda ɗaya gare ni, harshensa kuma, wato ƙarfen da ke motsawa ya karkatar da jirgi, ba ya mannewa sosai, ƙananan taragu na tsalle a kansa. Na saƙala masa siririyar waya daga ƙasa ina ja da hannu, yana aiki in an bi shi a hankali. Na biyun yana cikin kayan wani mai dawowa daga Faransa bayan Babbar Salla, na riga na bar masa gurbinsa a katakon.