Kalmar sirri: daga imel nake farawa

Saita wa mutane waya nake yi a Sakkwato, kuma matsala guda ce ke yawan zuwa hannuna. An buɗe wa mutum Gmail da Facebook a shago, yaron shagon ya sa masa lambar wayarsa a matsayin kalmar sirri, shekaru sun shuɗe bai canza ba. Lambar kuwa ga ta nan rubuce a allon shagonsa, kowa na gani.

Idan zan gyara, daga imel nake farawa, domin can ake aiko saƙon sauya kalmar sirrin sauran asusun. Wanda ya shiga imel ɗinka ya riƙe makullin gidan gaba ɗaya.

Tsawo ya fi kwaskwarima amfani. Sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa, ko da ka liƙa alamar @, cikin abin da masu kutse ke fara gwadawa ne. Ni kalmomi huɗu ko biyar nake haɗawa waɗanda ba su da dangi da juna, kamar tulu, girgije, raƙumi, allura, in sa lamba da alama a tsakaninsu, haruffa su haura 14. Kada a ɗauki wannan misalin, tunda ya riga ya fito fili. Ban da karin magana, ban da baitin waƙa. Abin da baki ya saba da shi na'ura ma ta san shi.

Kowane asusu da tasa kalmar sirrin. Idan aka fasa wani shafi aka kwashe kalmomin sirri, su ake bi ana gwadawa a sauran wurare. Haddace su duka ba zai yiwu ba, shi ya sa nake ajiye su a manhajar adana kalmomin sirri, Google Password Manager ko Bitwarden, in riƙe guda ɗaya a ka, wadda ke buɗe manhajar.

Daga nan sai tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri a sake neman wata shaida, kamar lamba, kafin a shiga. Google na ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, na shiga asusu idan wayar ba ta hannu. A kwafe su a takarda, a adana a gida, ba cikin wayar ba. A WhatsApp a sa PIN mai lamba 6. Lambar da ke shigowa ta saƙo kuwa ba a karanta wa kowa, ko da ya ce daga banki yake ko daga shugaban zauren ku.

Layin waya ake yawan mantawa, alhali da shi ɓarawo ke cire kuɗi ta USSD, wato lambobin banki da ake dannawa masu * da #. A kulle layin da PIN, amma a nemo PUK tukuna, wato lambar buɗe layi da kamfanin layin ke bayarwa: kuskure uku wajen sa PIN layin ya rufe, sai da PUK zai buɗe.