Layar da ta ƙetare teku

Daren jiya bayan isha'i na kai wa Baba wayata. Yana zaune a zaure kan buzu, almajirai sun watse, alluna jingine da bango. Na ce, "Baba, a duba min wannan rubutun." Ya sa tabarau, ya matso da wayar daf da hancinsa, ya karanta Bisimilla, ya bi layukan da yatsa har ƙasa. Sai ya ce, "Ai wannan hannun ƙasar nan ne. Ba ka ga ɗigon fa'un a ƙasa yake ba? Laya ce. Ta wane gari?"

Na ce ta Barazil ce, kuma ta doshi shekara ɗari biyu.

'Yan sanda ne suka tattara irin waɗannan takardu a birnin Salvador na jihar Bahiya, a jikin gawarwaki da ɗakunan mutanen da suka yi bore a daren 24 zuwa 25 ga Janairu, 1835. Ana cikin goman ƙarshe na azumi. Bayi da 'yantattu kusan 600 suka fito cikin fararen riguna, yawanci da takubba, layu a wuya. Kafin gari ya waye sojojin doki sun murƙushe su, mutum wajen 70 sun kwanta dama. Can ana kiran abin boren Male, daga kalmar Yarbanci imale, wato Musulmi.

Gaskiya a wannan karon Yarbawa ne suka fi yawa. Namu sun riga su tashi: an bankaɗo shirin Hausawa a 1807, suka sake yunƙurawa a 1809 da 1814. Amma ko a 1835 akwai Bahaushe cikin malaman, 'yantacce ne mai shagon taba, sunan da aka rubuta masa Elesbão do Carmo, mutanensa kuwa suna ce masa Dandara. A nan wajen sana'ar tasa yake koyar da karatu. Na daɗe ina juya wannan mutum a raina. An raba shi da garinsu, an laƙa masa suna na wani harshe, amma ya samo allo, ya haɗa tawada, ya zaunar da mutane suna biya. Wanda hukuma ta kira ya fassara mata takardun ma Bahaushe ne, bawa, ana ce masa Albino. Ɗan'uwa ya rubuta, ɗan'uwa aka sa ya karanta wa masu bulala.

Hukunci ya yi tsanani. An harbe mutum huɗu a ranar 14 ga Mayu, an yanke wa wani dattijon malami Bayarabe, Pacifico Licutan, bulala 1,000, an koro 'yantattu da dama zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Bauta kuwa ba a soke ta a Barazil ba sai 1888.

Baba ya tambaye ni abin da nake gudu: "To, wa ya kai su can?" Na ce yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 ne, kamammu daga kowane ɓangare, ana miƙa su hannu zuwa hannu ta Nufe da Oyo har bakin ruwa a Ikko da Wida ta ƙasar Benin ta yanzu. Turawan Fotugal da 'yan Barazil suka saya, amma da hannun mutanen nan gida. Wannan ne ke ci mini rai. A makaranta an koya mana sunayen sarakuna da masu tuta, ba wanda ya taɓa ce mana ga inda waɗanda aka kama suka ƙare. Su kuwa baƙar fata a Salvador sun kafa ƙungiyar kiɗa da rawa mai suna Malê Debalê a 1979 don tunawa da su, kuma tun 2003 dokar ƙasar ta wajabta koyar da tarihin baƙar fata a makarantu.

Baba bai ce komai ba. Ya miƙo min wayar, ya ɗauki carbinsa. Yau da asuba ina daga ɗaki na ji yana ce wa yara, kafin kowa ya ɗauki allonsa a yi Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, a kai ladan ga wani malami Dandara da ɗalibansa.