Ciwon gaban gwiwa da abin da na gani a sashen gashin ƙashi na asibiti

Masu zuwa mana da ciwon gaban gwiwa yawancinsu ba tsofaffi ba ne. 'Yan ƙwallo ne, da masu gudun asuba, da samarin da ke neman shiga soja, waɗanda suka tashi rana ɗaya suna gudun kilomita 10 alhali watan jiya ko shagon bakin layi a babur suke zuwa. Ka ce su nuna wurin, sai su dafe ƙoƙon gwiwar gaba ɗaya da tafin hannu. Saukowa daga bene ya fi hawa azaba, haka tsugunno a bayi, haka doguwar tafiya a mota gwiwa na naɗe. Hoton ƙashi kuwa sau da yawa lafiya lau yake fitowa, har mutum ya fara zargin ko sammu ne.

Aiki ya koya mini in riƙa kallon ƙugu kafin gwiwa. Nakan sa mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya ya ɗan rusuna. In naman ƙugu da na ɗuwawu ba su da ƙarfi, nan take za ka ga gwiwar ta karkata ciki, cinya ta murɗa, ƙoƙon ya matsu gefe guda a kwarin da yake zamewa. A kan bene, nauyin da ke kansa ya kai kusan ninki 3 na nauyin jiki, a tsugunno har ƙasa ma ya zarce haka nesa.

Inda muke kai ruwa rana shi ne maganin. Mutum ya biya kuɗi, so yake a kwantar da shi a haska masa fitila mai ɗumi ko a jona masa na'ura. Akwai daɗi, ban musa ba, amma ba ta ƙara wa nama ƙarfi. Abin da ke aiki shi ne atisayen ƙugu da cinya, ana ƙara masa nauyi sannu a hankali, mako 6 zuwa 12, kuma rabinsa a gida ake yi ba mai kallo. Filasta a kan ƙoƙon gwiwa takan sauƙaƙa makonnin farko, shi ke nan aikinta.

Ba na cewa mai gudu ya daina kwata-kwata, don na san ba zai ji ba, kuma kwanciya raunana naman take yi. Ya rage nisa, ya bar gangara tukuna, ya gajarta taku ya yawaita shi. Mai shan wuya a zaman tahiya kuma ya yi salla a kujera na ɗan lokaci, addini ya ba da wannan sauƙin.

Ƙarar ƙas-ƙas da gwiwa ke yi, in ba zafi, ba ta ɗaga mini hankali. Amma in ta kumbura, ko ta ƙage ta ƙi miƙewa, ko tana zubar da mutum yana cikin tafiya, wannan wani ciwon ne daban, wajen likitan ƙashi nake tura shi.