Da na gwada rubuta dodon Loch Ness

Ƙanina ne ya kawo min littafin, tsohon bugu da bangonsa ya riga ya yi laushi: Doctor Who and the Loch Ness Monster, wanda Terrance Dicks ya rubuta aka buga a 1976. Asalinsa shirin talabijin ne na BBC mai kashi huɗu da aka nuna a 1975. Wasu halittu daga wata duniya, Zygons, sun ɓoye jirginsu a ƙasan tafkin Loch Ness na Sikotilan, suna kiwon wani ƙaton dodo da suke rayuwa da nononsa, suna kuma aika shi ya rusa rijiyoyin mai na cikin teku. A takarda dodon nan ya hana ni barci. Da na ga shirin daga baya, sai gwiwata ta yi sanyi, domin ɗan tsana ne da ake motsawa, kuma ido na gane hakan nan take.

Wannan ne ya sa na ce bari in gwada aikin da kaina, in rubuta labarin da Hausa don 'ya'yan yayata. A karon farko na zayyana komai: haƙora, idanu, tsawon wuya, har launin fata. Ina karanta musu, ƙaramin ya fara hamma.

Sai na koma na bi tarihin dodon a wajen mutanen tafkin, domin tun kafin littafin ana raɗe-raɗin cewa da gaske akwai dodo a cikinsa. A 1933 jaridar Inverness Courier ta ba da labarin wata mata da ta ga wani abu yana birgima a ruwa. Hoton dodon na 1934 mai dogon wuya, wanda ya zagaya duniya, a 1994 aka tabbatar cewa ƙaramin jirgin wasan yara ne aka maƙala wa kai. Ruwan tafkin baƙi ne saboda ruɓaɓɓen ciyawar da ke gangarowa daga tsaunuka, zurfinsa ya kai kusan mita 230. Yawancin waɗanda suka ce sun gani, tozo suka gani, ko wuya, ko igiyar ruwa da ba iska ta tayar ba. Abin da ya rayar da dodon shekara da shekaru ke nan, ba a taɓa ganinsa duka ba.

Na yage shafukan, na sake. Wannan karon na shiga cikin ran wani ma'aikacin rijiyar mai da dare, abin da kyamara ba ta iya yi. Ƙarfe na rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, ruwa ya yi shiru, sai wani wari. Dodon bai fito ba sai a layi biyu. Yaran suka matso kusa da ni, babbar ta riƙe hannun rigata.

A shafin ƙarshe na saka binciken masanin kimiyya Neil Gemmell na 2018, wanda ya ɗebi ruwan tafkin ya duba ƙwayoyin halitta, bai samu na wata dabba mai rarrafe ba, sai na kifin nan mai jiki kamar maciji, da yawan gaske. Ƙaramin ya tambaye ni ko kifin zai iya girma ya kai tsawon mota, kuma har yau yana jiran kashi na biyu.