Abin da tukunyar kunu ta koya mini a Malawi

Na shiga aikin da zumuɗin sabon shiga. Ƙaramar ƙungiya ce, babu mai albashi a cikinmu, muna haɗa kuɗi muna tallafa wa wata makarantar firamare a kudancin Malawi. Ni aka ɗora wa riƙe lissafi, wai don na iya kwamfuta.

Shawarar da na fara kawowa ita ce mu aika littattafai da jakunkuna. Muka cika kwalaye, kuɗin dako da na kwastan suka kusa cinye kuɗin kayan. Shugabar makarantar ta yi godiya ta waya, sannan ta ce, "Ɗana, yaron da bai karya kumallo ba, ƙarfe goma na yi zai kifa kai a benci." Maganar ta sosa mini rai a ranar, ba zan ɓoye ba.

Sai da na je da ƙafata na gane. Tun da duku-duku iyaye mata sun hura wuta a ƙarƙashin wata ƙatuwar tukunya, suna dama kunun da ake kira likuni phala, na garin masara da waken soya da aka ƙara wa sinadaran gina jiki. Muciyar ta kusa kai tsayina. Na karɓa na juya, ban yi minti biyar ba hayaƙi ya sa ni hawaye, suna ta dariya. Waɗannan matan karba-karba suke yi, ba a biyan su ko sisi, kuma daga nan gona za su wuce. Ni da nake kiran kaina ɗan sa-kai saboda ina zama gaban allo awa biyu a mako, kunya ta rufe ni. Yara suka jeru kowa da kofin robarsa. Na ga wata yarinya ta sha rabi ta rufe sauran da ganye. Ƙaninta na gida.

Ashe ba mu muka fara gano wannan ba. A Malawin nan ƙungiyar agaji mai ciyar da ɗalibai, Mary's Meals, ta soma a 2002 da yara 200, yau tana ciyar da fiye da miliyan 2 a ƙasashe daban-daban, kuma mutanen gari ne ke girkin. Brazil ma ta kafa doka a 2009 cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da ɗalibai a sayi amfanin ƙananan manoma da shi. Da muka bar aika kaya muka koma sayen garin kunu a cikin Malawi, wahalar dako ta ragu, kuɗin kuma ya zauna a hannun mutanen wurin.

Abin da ya fi ƙona mini rai laifina ne. Wani zango na yi jinkirin tura kuɗi, ina jiran a kammala rahoto mai hotuna don masu ba da gudummawa. Gari ya ƙare, tukunya ta kwana huɗu a kife. Malamin aji uku ya turo mini hoton rajistarsa ba tare da ya ce uffan ba: layi bayan layi na waɗanda ba su zo ba. Tun daga lokacin, kuɗin gari da na itace nake fara cirewa kafin zango ya kama, rahoto ya biyo baya ko da babu hoto ko ɗaya.