Mujallun Magoya Baya na Ƙwallon Ingila: Abin da Na Ɓata Kafin Na Iya Adanawa

A cikin matasan da ke bin ƙwallon ƙafar Ingila a gidajen kallo, an fara samun waɗanda kallon wasa kaɗai ba ya isarsu, har suna neman tsofaffin riguna da tikiti da mujallu ta intanet ko ta hannun 'yan'uwansu mazauna can. Da su nake magana, musamman waɗanda hankalinsu ya kai ga ƙananan mujallun nan da magoya bayan ƙungiyoyi suka riƙa bugawa da kansu. Na tara irinsu lokacin da nake karatu a arewacin Ingila, na dawo da su gida, kuma yawancin abin da na sani game da adana su, sai da na yi asara sannan na san shi.

Kada ku haɗa su da ɗan littafin da ƙungiya ke bugawa a ranar wasa, mai takarda mai sheƙi da gaisuwar shugaba da jerin 'yan wasa. Wancan bakin hukumar ƙungiya ne. Waɗannan kuwa 'yan kallo ne suke rubuta su da tafireta, su yanka hotuna da almakashi, su manna da gam, su kai wurin fotokwafi, sannan su tsaya a bakin filin wasa cikin sanyi suna sayarwa a kan kuɗin da sau da yawa bai kai fam ɗaya ba. Wasu ɗalibai a Cambridge sun fara irin wannan aiki da mujallar Foul, wadda ta fito daga 1972 zuwa 1976, amma abin bai bunƙasa ba sai bayan 1985. A ranar 11 ga Mayu na wannan shekara gobara ta tashi a filin Bradford City, mutum 56 suka rasu, kuma a ranar 29 ga watan wasu 39 suka mutu a filin Heysel da ke Beljiyam sakamakon rikicin 'yan kallo a wasan Liverpool da Juventus, abin da ya sa aka haramta wa ƙungiyoyin Ingila shiga gasannin Turai har shekara biyar. Gwamnati da manyan jaridu suka yi wa masu zuwa kallo kuɗin goro, aka ɗauke su duka 'yan daba. Da mutanen suka ga babu mai faɗin nasu ɓangaren, sai suka ɗauki alƙalami da kansu. Mujallar When Saturday Comes ta fara fitowa a 1986, kuma kafin shekarun 1980 su ƙare, da wuya ka sami ƙungiyar da ba ta da tata mujallar, wasu ma biyu ko uku.

Da a ce na fahimci wannan tarihi tun farko, da ban yi kuskurena na farko ba, wanda kuma shi ne ya fi ci mini rai. Na ɗauka darajar mujalla tana tattare da girman ƙungiyarta, saboda haka idona yana kan United We Stand da Red Issue na magoya bayan Manchester United, da The Gooner ta 'yan Arsenal, kuma ko a cikinsu fitowar farko nake farauta. Wata rana a kasuwar tsofaffin kaya wani dattijo ya nuna mini kwali cike da mujallun ƙananan ƙungiyoyi, ya ce in kwashe duka a kan kuɗi kaɗan domin zai tashi daga gidansa. Na tsuguna na tsince waɗanda na san sunayen ƙungiyoyinsu, na tura masa sauran. Ya dube ni, bai ce komai ba, ya mayar da marfin kwalin. Abin da ban lissafa ba shi ne, mujallar babbar ƙungiya dubbai ake bugawa, kuma ko yau za ka same ta a hannun mutane da yawa, alhali ta ƙaramin gari wataƙila 'yan ɗaruruwa aka buga, aka karanta a jirgin ƙasa aka yar.

Ga shi kuma a irin waɗannan ƙananan ne ake samun labarin da ya fi nauyi. A 1985 shugabannin Charlton Athletic suka fitar da ƙungiyar daga filinta, The Valley, suka koma zaman haya a filin Crystal Palace. Mujallar Voice of the Valley, wadda ta fara a 1988, ita ce ta zama dandalin masu neman a koma gida. Da ƙaramar hukumar Greenwich ta ƙi amincewa da shirin gyara filin, magoya bayan suka kafa jam'iyya sukutum, suka shiga zaɓen ƙananan hukumomi na 1990, suka sami ƙuri'a 14,838, kuma a ranar 5 ga Disamba 1992 Charlton ta sake buga wasa a filinta. Haka nan City Gent ta Bradford, wadda ta fara a 1984, tana raye tun kafin gobarar nan, don haka fitowarta ta wancan lokaci magana ce daga bakin mutanen da abin ya faɗa wa. Shawarata ita ce, idan kuɗinku bai kai ga komai da komai ba, ku zaɓi ƙungiya guda ko kakar wasa guda, ku bi ta a jere har da fitowar da ba ta da wani armashi, domin jerin da bai yanke ba ya fi tsintattun fitowar farko goma amfani ga mai son sanin yadda ra'ayin jama'a ya riƙa juyawa.

Kuskure na biyu ganganci ne kawai. Da yawa daga cikin waɗannan mujallu ba su ɗauke da kwanan wata, sai lambar fitowa, wani lokaci ma editan ya rikita lambar. Lokacin da nake saye, ina ganin ba zan taɓa manta inda na samu kowace ba, sai ban rubuta komai ba. Na gane girman wannan sakaci ne sa'ad da na so in bi yadda magoya bayan Everton suka karɓi Daniel Amokachi, ɗan Kaduna, wanda ya taɓa buga wa Ranchers Bees, bayan ya zo musu daga Club Brugge a 1994. A watan Afrilun 1995, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA da Tottenham, ya shiga fili ba tare da kocinsa Joe Royle ya ba da umarni ba, ya ci ƙwallo biyu, Everton ta yi nasara da ci 4 da 1. Duk mai son sanin ko bakin 'yan kallo ya canza a kansa dole ya san wace fitowa ce ta riga wasan, wace ce ta biyo baya, ni kuwa nawa a cakuɗe suke. Sai da na zauna ina bin sunayen abokan karawa da sakamakon da aka ambata da farashin bango, ina gwada su da jadawalin kakar, kafin na iya jera su, aikin da rubutun layi biyu a ranar saye zai ɗauke mini. Ku riƙa rubuta inda kuka samu, da ranar, da wanda ya sayar muku, da wasan da aka sayar da ita idan an sani, a wata 'yar takarda dabam da fensir, ku saka a ciki. Kada ku taɓa bangon da biro.

A wajen ajiya ne na yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, kuma abin takaicin shi ne da niyyar kariya na yi ta. Takardar da aka buga waɗannan mujallu a kanta mai araha ce, tana da sinadarin da ke sa ta yi ja ta kuma riƙa karyewa da kanta ko ba a taɓa ta ba. Yanayinmu kuwa ta fuska biyu yake cin ta: hunturu ya busar da ita har gefenta ya riƙa marmashewa, damina ta zo ta shayar da ita laima. Ni da na dawo, sai na saka kowace a leda mai laushi irin ta ajiye takardun makaranta, na like bakin da salatif, na jera a kwali, na tura ƙarƙashin gado a kan siminti. Da na buɗe bayan damina ta wuce, abu na farko da ya doki hancina warin fumfuna ne. Laimar da ta shiga ledar ba ta sami hanyar fita ba. Ƙarfen sitefula ya yi tsatsa, ya ci tsakiyar takarda, ya bar tabo ja guda biyu a kowane shafi, har shafukan tsakiya suka zame da kansu. Da na zaro wata daga ledarta, sai na ga rubutun bangon ya bi ledar, yana nan a jikinta a juye, domin baƙin fotokwafi ba ya shiga cikin takarda, a samanta yake zaune, kuma irin wannan roba tana janye shi idan an yi zafi. Ta ƙasan kwalin kuma gara ta yi hanya, ta haura cikin jerin ƙarshe ta bar ƙasa a madadin shafuka.

Waɗanda na fi ji da su na kai an yi musu laminatin, ina murna na tsare su har abada. Ashe na kashe su ne, domin zafin injin da gam ɗin suna haɗe roba da takarda yadda ba mai iya raba su ba tare da ya yage ta ba, kuma masu adana kayan tarihi ba sa son karɓar abin da aka yi wa haka. Salatif ɗin da na like yagaggun wurare da shi ya bushe ya faɗi, ya bar tabon mai wanda ya huda zuwa bayan shafi.

Abin da ya kamata bai kai wannan wahala ba. Idan ƙarfen sitefula ya fara tsatsa, ku ɗaga ƙafafunsa a hankali da bakin wuƙa mara kaifi, ku zare shi, ku naɗe mujallar a cikin farar takarda mai kyau domin shafukan su zauna tare. Ku kwantar da su, kada ku tsayar, kuma kada ku yi musu tsibi mai nauyi. Akwatin ƙarfe mai marfi ya fi kwali, amma a ɗora shi a kan kanta ko bulo, nesa da bango, a ɗakin da iska ke shiga, ba a saman silin ba inda zafin kwano ke sauka. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi suna taimakawa. Kada ku fesa maganin ƙwari a jikin takarda. Mafi muhimmanci, ku riƙa buɗewa kuna dubawa, musamman a watan Agusta, domin duk ɓarnar da na lissafa a rufe ta faru, cikin watannin da ban leƙa ba.

Ɗaukar hoto yana da kyau, amma shi ma na yi masa riƙon sakainar kashi. Bango kawai nake ɗauka da shafukan da suka ba ni dariya, na bar wasiƙun masu karatu da tallan kantunan unguwa da jerin sunayen sauran mujallu da ake sakawa a baya, alhali waɗannan ne mai bincike ya fi buƙata. Hotunan kuma a waya ɗaya suke, ta lalace suka tafi. Ku ɗauki kowane shafi, ku ajiye a wuri biyu, kuma kada ku dogara da kwafin da ya bi ta WhatsApp, domin yana rage ingancin hoto har ƙananan rubutu su daina karantuwa. Kafin ku watsa a intanet, ku nemi izinin masu ita. Da yawansu suna raye.

Akwai wani kuskure da na daɗe ina ɗaukarsa a matsayin tarbiyya. Harshen waɗannan mujallu ba na zaure ba ne: akwai ashar, akwai hirar mashaya, akwai zagin abokan gaba da ya wuce wasa. Saboda yara suna shiga ɗakina, na ware waɗanda suka fi muni na ƙona. Damuwar tana da tushe, amma maganin da na yi mata bai dace ba. Shekarun da ake buga su, su ne shekarun da ake jifan baƙaƙen 'yan wasa da ayaba, kamar yadda aka yi wa John Barnes a filin Goodison Park a 1988, kuma a wannan shekarar ce wasu magoya bayan Leeds United suka fara fitar da Marching Altogether domin su yaƙi wariyar launin fata a cikin 'yan'uwansu 'yan kallo. Wanda ya ajiye masu daɗin karantawa kaɗai ya ƙona sauran, ya bar wa na baya tarihin da aka yi wa kwalliya, kuma a cikinsa ba za a gane da wa ake wannan faɗa ba. Haka abin yake game da filin wasa na Hillsborough da ke Sheffield, inda turmutsitsin ranar 15 ga Afrilu 1989 ya yi sanadin rasuwar mutum 97. Wasu jaridu sun ɗora laifin a kan magoya bayan Liverpool, sai a 2016 binciken shari'a ya wanke su, amma fushin da ke cikin rubutun 'yan kallo na waɗancan watanni, da duk zafin harshensa, yana daga cikin shaidar cewa mutanen sun faɗi gaskiyarsu tun a lokacin. Akwati mai kwaɗo ya isa ya raba yara da abin da bai kamace su ba.

Kada ku shiga wannan harka da lissafin riba, domin ban da 'yan ƙalilan, yawancinsu ba su da wani farashin a zo a gani, kuma kuɗin aiko su daga Ingila kan fi kuɗinsu. Kada kuma ku ɓoye abin da kuka tara kamar yadda na yi, har iyalina suna ɗaukar akwatin tarkacen takardu ne da za a iya bai wa mai ƙosai. Ku yi jerin abin da ke ciki, da sunan kowace mujalla da lambarta da shekararta da halin da take ciki, ku nuna wa wani a gida inda jerin yake. Babban ɗakin karatu na Birtaniya da ke Landan da gidan tarihin ƙwallon ƙafa na ƙasa da ke Manchester duk suna adana irin waɗannan mujallu, kuma idan wata rana kuka yi niyyar bayarwa, da wannan jeri za ku fara rubuta musu, domin su duba ko kuna da fitowar da ta ɓace a nasu jerin kafin ku kashe kuɗin aikawa.