Daga Damagaram zuwa Mirya, a bin sawun ma'aunin damtse

Mun bar Kano da sassafe, muka bi ta Daura, muka ƙetare iyaka a Kwangwalam, muka ratsa Matamaye, la'asar ta yi mana a Damagaram. Watan Agusta ne. Hatsi ya yi kore shar a gonaki, rumbuna kuwa sun yi ƙasa, lokacin ke nan da tamowa da zazzaɓin cizon sauro suke haɗuwa a kan yara. Na zo ne in ga abin da ya iso ƙasa daga binciken André Briend, likita Bafaranshe wanda da wuya ka buɗe rubutun masana a kan tamowa ba ka ci karo da sunansa ba.

Na leƙa Birni da ƙofar fadar Sarki, na kwana a Zango, da safe na kama hanyar Mirya, tafiyar kusan kilomita 20.

A wani ƙaramin asibiti na tarar da mata sun cika rumfa, da yawansu riƙe da wani siririn zare na roba mai launi uku. Da shi ake auna damtsen yaro daga wata 6 zuwa wata 59. A saki hannun ya sauka, a nemi tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a zagaya zaren, a zura bakinsa cikin 'yar tagar. Kore lafiya. Rawaya, wato milimita 115 zuwa 125, tamowa ta soma shiga. Ja, ƙasa da 115, a tafi asibiti ranar. Wata matashiya ta ja zaren har ya nutse cikin naman ɗanta, sai ma'aikaciyar ta dafa hannunta ta ce, "Sassauta, ƙanwata, ya kwanta a fata kawai." In aka matse, lafiyayye zai faɗa ja, in aka bar shi sako-sako, mara lafiya zai tsira da kore, wannan ya fi haɗari. Zaren kuma ba ya kama tamowa mai kumburi. Ita sai an danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, in rami ya zauna, ba a jira.

A da ana ganin awon nan aikin ma'aikaci ne kaɗai. A ƙasar Mirya aka gwada iyaye mata, tare da ƙungiyoyin agajin lafiya na ALIMA da BEFEN, aka wallafa sakamakon a 2015, Briend na cikin marubutan. An gano uwa tana rarrabe launukan kusan daidai da ma'aikaci, ko da wane hannu ta auna, ko da ido ta kintaci tsakiyar damtsen. A ganina nan ne nauyin aikin yake, domin uwa tana ganin ɗanta kullum, ma'aikaci kuwa sai ya kewayo.

Wanda ya faɗa ja ana fara gwada cinsa da ƙunshin Plumpy'Nut. Briend ne ya haɗa shi tare da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset a 1996: gyaɗa niƙaƙƙiya, garin madara, sukari, mai, da sinadaran bitamin, giram 92 mai kalori 500. Kafin shi madara ake damawa, madara kuwa tana son ruwa mai tsabta, shi ya sa sai an kwantar da uwa makonni, ta bar gona da sauran 'ya'ya. Wannan ba ruwa a cikinsa, ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin yaɗuwa, ba ya bukatar wuta. Yunwar 2005 a Nijar ta nuna ƙarfinsa, a 2007 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince a riƙa jinyar irin waɗannan yara a gida. Yaron da ya ci, a ba uwarsa rabon mako da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta koma. Wanda ya ƙi ci, gado zai hau.

Inda abin ke lalacewa a gida ne. Wata ta dama shi cikin kunu, ta dawo da ruwan da aka guje wa. Wata ta manta cewa yana sa ƙishi, dole a riƙa bai wa yaron ruwa, nono kuma ba a yanke shi. Mafi yawa dai rabo ne: ƙunshin yaro ɗaya ya zama na uku, nauyi ya ƙi hawa. Ban ga laifin uwar da 'ya'yanta suka zuba mata ido rumbu babu komai ba, talauci ne ya kai ta, shi kuwa ba ya cikin abin da ƙunshin ke warkarwa.

Azahar ta gabato, rumfa ta soma watsewa. Matashiyar nan ta sake aunawa, wannan karon zaren ya tsaya a rawaya. Aka ce ta maimaita kowane mako, ta duba ƙafafu kuma. Ta naɗe zaren a yatsa, ta ƙulle shi a haɓar zaninta, ta goya ɗanta, ta bi 'yan garinsu zuwa bakin hanya.